Corsair RM850x: Akwatin Wuta Mai Nagarta, Amma Ka Duba Shekararsa Kafin Ka Biya

Akwatin wuta, wanda masu sana'ar ke kira PSU, shi ake bari sai ƙarshe in ana haɗa kwamfutar gem. Mutum zai yi kwanaki yana auna katin hoto da furosesa, sannan ya sayi akwatin wuta da canjin da ya rage, alhali duk sauran kayan daga hannunsa suke ci. Corsair RM850x na cikin waɗanda aka fi yawan ba da shawarar a saya, kuma ya cancanci yabon da ake yi masa. Sai dai akwai abin lura tun kafin a buɗe kwali: sunan ɗaya ne, kayan kuwa ba ɗaya ba ne.

An fitar da RM850x a 2015, aka sake fasalinsa a 2018, aka sake a 2021, aka kuma sake a 2024. Biyu na ƙarshen nan su ne aka fi cin karo da su a kasuwa, kuma mai sayarwa zai iya rubuta RM850x kawai ba tare da ya faɗi wanne ne ba. Na 2021 yana da fanka mai faɗin milimita 135, kuma ba shi da soket ɗin sabon filogin katin hoto mai ƙafa 16. Na 2024 an gina shi a kan ƙa'idar ATX 3.1, yana da wannan soket ɗin mai suna 12V-2x6 a jikinsa, fankarsa milimita 140 ce, kuma akwai wani ɗan maɓalli a bayansa da ake murɗawa don ƙara gudun fankar da hannu. In ka ga ATX 3.1 a rubuce a kwalin, sabon ne. Akwai kuma 'yan uwansa biyu da ke ƙara rikita mai saye: RM850e, wanda ya fi araha, ya fi gajarta, fankarsa milimita 120, garantinsa shekara 7, da RM850x Shift, wanda soket-soket ɗinsa suke a gefe maimakon gaba.

Abin da tsohon da sabon suka haɗu a kai shi ne ginshiƙin nagartarsu. Duka biyun wat 850 ne, kuma kusan dukkan wannan ƙarfin ana iya jan sa ta layin bolt 12, wanda ke ba da amfiya 70.8. Wannan ne lissafin da ya fi muhimmanci, domin furosesa da katin hoto duk daga bolt 12 suke sha. Akwatin wuta mara kyau zai rubuta wat 800 a kwali da manyan baƙaƙe, amma in ka karanta takardar da ke manne a jikinsa sai ka tarar layin bolt 12 ɗinsa bai kai ko kusa ba, an cike gurbin da layin bolt 5 da na 3.3 waɗanda kwamfutar zamani ba ta cika jan su ba. Araha ba ta ado. Kafasitocin RM850x na kamfanonin Japan ne masu jure zafi har digiri 105, duk wayoyinsa ana cirewa ana mayarwa, yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240 ba tare da an taɓa komai ba, kuma garantinsa shekara 10. Wannan garantin ba ƙaramin abu ba ne: a shekara goma mutum zai iya sauya katin hoto sau biyu ko uku akwatin wutar na nan.

Wa ke buƙatar wat 850?

Lissafin ba shi da wuya, amma mutane kan yi shi da ka. Ka ɗauki iyakar abin da furosesa ke ja, ka haɗa da na katin hoto, ka ƙara kamar wat 70 na madabod (babban faifan da ake dasa sauran kayan a kansa) da RAM da SSD da fankoki.

Furosesan Ryzen 7 9800X3D an rubuta masa wat 120, amma iyakar da AMD ta yarje masa ya ja daga soket wat 162 ne, kuma da ita ake lissafi. Katin hoto na RTX 5080 wat 360 ne. In aka haɗa da sauran tarkacen, an kai kusan wat 590, wato kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin RM850x. Nan ne mazauninsa, kuma Nvidia kanta wat 850 ta ba da shawara ga wannan katin. In aka sauya furosesar da Core i9-14900K, wanda ke kaiwa wat 253 in ya buɗe wuta, jimillar ta haura 680. Har yanzu yana ɗauka, sai dai fankar za ta riƙa aiki sosai. Radeon RX 9070 XT mai wat 304, ko RTX 5070 Ti mai wat 300, ko RX 7900 XTX mai wat 355, duk suna zaune lafiya a kansa.

RTX 5090 kuwa a'a. Katin kaɗai wat 575 yake ci, in ka ɗora furosesa da sauran kaya ka wuce 800, kuma shawarar Nvidia wat 1000 ce. Zai iya kunnawa, zai iya ma yin gem na ɗan lokaci, amma babu dalilin ɗora kati mai wannan tsadar a kan akwatin da ke aiki a bakin iyakarsa. A ɗaya ɓangaren, mai Ryzen 5 7600, wanda iyakarsa wat 88 ne, da RTX 5070 mai wat 250, da kyar zai wuce 400. Wat 650 mai kyau ya ishe shi, kuma kuɗin da ya rage gara ya tafi wajen SSD mai girma. Babban akwatin wuta ba ya ƙara wa gem gudu ko kaɗan. Ba ya kuma ƙara shan wuta, domin abin da kayan suka nema kawai yake ja daga bango.

Me ya sa ake barin rara har haka? Saboda katin hoto ba ya shan wuta a miƙe. Yakan yi wata irin zabura ta ɗan ƙanƙanin lokaci, ya ja fiye da abin da aka rubuta masa nesa ba kusa ba, sannan ya sauko. Mitar da ake sawa a bango ba ta ganin wannan, amma na'urar kariyar da ke cikin akwatin wuta tana gani, kuma in ta ɗauka wayoyin wuta ne suka haɗu da juna, sai ta yanke komai. An sha fama da wannan a zamanin RTX 3080 da 3090. Shi ya sa ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ta fitar a 2022 ta wajabta wa akwatin wuta irin wannan ya jure ninki biyu na ƙarfinsa na tsawon kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa, da kashi 180 cikin ɗari na milisakan ɗaya, da kashi 120 na milisakan 100. Na 2024 an yi shi a kan wannan sharaɗin. Na 2021 ya riga ƙa'idar fitowa; ƙirarsa mai ƙarfi ce kuma yana ɗaukar manyan katuna, amma ba a kan wannan ma'aunin aka sayar da shi ba. Ga mai sabon kati, wannan kaɗai ya isa dalilin neman sabon.

Maganar tambarin zinare (Gold) na ingancin akwatin wuta kuma ana ba ta girman da ya fi nata. A ma'aunin 80 Plus, matakin Gold yana nufin a wutar bolt 115 akwatin na mayar da aƙalla kashi 87 na abin da ya ja zuwa wuta mai amfani in an ɗora masa kashi 20 na kaya, kashi 90 a rabin kaya, kashi 87 a cikakken kaya. A bolt 230 ingancin yakan ɗan fi haka. Misali, in kwamfuta na cin wat 500 a kashi 90, akwatin zai ja kusan 555 daga bango, 55 su zama zafi. Mai matakin Bronze a kashi 85 zai ja kusan 588. Bambancin wat 33 ne, kuma amfaninsa ya fi fitowa a ƙarancin zafi da ƙarar fanka. Tambarin bai ce komai ba game da ingancin kafasita ko na'urorin kariya. Sabon RM850x da tambarin Cybenetics ake tallarsa, ma'aunin da ke gwada inganci a wurare da yawa, yana kuma auna ƙara.

Ƙarar kuwa kusan babu. In kayan da aka ɗora masa ba su da nauyi, fankar tsayawa take yi cak. Sabon mai haɗawa yakan leƙa ya ga ba ta juyawa ya ɗauka ta lalace, lafiyarta lau. Maɓallin bayan na 2024 yana da amfani ga wanda ɗakinsa ke da zafi ko gidan kwamfutarsa ba ya samun iska, domin zai iya sa fankar ta riƙa juyawa a hankali koyaushe maimakon ta jira zafi ya taru.

Wayoyin, inda ɓarnar take

In akwatin wuta mai kyau ya jawo asara, galibi ba daga cikinsa ba ne, daga waya ne.

Filogin 12V-2x6 yana da manyan ƙafafu 12, shida na wuta shida na dawowa, da ƙanana huɗu na saƙo. An yi shi ya ɗauki har wat 600. Raba 600 da bolt 12, ka sami amfiya 50; raba wa ƙafa shida, kowacce na ɗauke da sama da amfiya 8, alhali iyakar da aka tsara mata ta ɗan haura 9 ne kawai. Kwatanta da tsohon filogi mai ƙafa 8, wanda ke ɗaukar wat 150 a kan ƙafa uku, wato amfiya 4 da ɗoriya kowacce. Rarar da ke cikin sabon kaɗan ce. In filogin bai shige har ƙarshe ba, ko ya karkace, wasu ƙafafun sai su saki, sauran su ɗauki kayan, kuma zafi a waya ninkuwa yake yi sau huɗu in wutar da ke bi ta ninka sau biyu. Haka robar ke narkewa. Bayan fitowar RTX 4090 a watan Oktoban 2022 an yi ta samun rahoton wannan, kuma Nvidia ta danganta shi da filogin da ba a tura shi sosai ba. Gyaran da aka yi a 12V-2x6 a soket yake, ba a wayar ba: an rage tsawon ƙananan ƙafafun saƙo da milimita 1.5, an ƙara na wutar da 0.25, don kada kati ya sami izinin jan wuta sai filogin ya zauna. Gyara ne mai ma'ana, amma bai ƙara wa ƙafafun ƙarfi ba. Da RTX 5080 abin da sauƙi, domin wat 360 amfiya 5 ne kacal a kowace ƙafa.

Don haka ka tura filogin har ka ji maƙallin ya kama, ka haska da tocila ka tabbatar babu rata tsakaninsa da soket, a ɓangaren kati da ɓangaren akwatin wuta duka. Kada ka lanƙwasa wayar daf da filogin. Masu yin wayoyin suna cewa a bar kamar milimita 35 a miƙe. Wannan yana nufin ka auna faɗin gidan kwamfutar tun kafin saye, domin manyan katuna suna kaiwa kusa da gilashin gefe, kuma murfin da aka danne da ƙarfi shi ke karkata filogi. In ka motsa kwamfutar ko ka share ta, sake dubawa.

Mai na 2021 ba sai ya yar da shi ba. Corsair na sayar da wayar wat 600 da ke shiga soket biyu masu ƙafa 8 a jikin akwatin ta fito da filogi mai ƙafa 16, kuma ta fi adaftar nan mai reshe uku ko huɗu da ke zuwa cikin kwalin kati tsabta. Amma wayoyin da ke zuwa da na 2021 suna da abin suka guda biyu. Na farko, an sa ƙananan kafasitoci a cikin manyan wayoyin kusa da filogi, don haka suna da tauri, suna wahalar lanƙwasawa a bayan madabod. Na biyu, kowace wayar katin hoto filogi biyu ne a jere a kanta. Ga katin da ke da soket biyu kuma yake cin kusan wat 300, ja waya biyu daban-daban daga akwatin, kowane soket da tasa, ka ɗaure rarar filogin a gefe.

Sai kuskuren da ya fi kowanne muni: haɗa wayar wani akwatin da wani. Ɓangaren da ke shiga madabod ko kati ƙa'idarsa ɗaya ce a duniya, amma ɓangaren da ke shiga akwatin wuta kowane kamfani da tsarinsa. Filogin zai iya shiga daidai, amma bolt 12 ya bi ta inda ake jiran bolt 5, kuma SSD da hadis (hard disk) su ke fara ƙonewa. Ko a cikin Corsair ma akwai nau'in waya na 4 da na 5, kuma Shift na 5 yake amfani da shi. In kana sauya akwatin wuta, zare tsofaffin wayoyin duka, ko da ɗaure su ya ci maka awa biyu a baya. Haka nan kada ka rikita filogin furosesa da na kati. Na furosesa yana rabuwa huɗu da huɗu, na kati shida da biyu, kuma layin wutarsu a juye yake. Siffar ramukan na hana su shiga wurin juna, amma mai ƙarfin hannu yakan tilasta. In filogi ya ƙi shiga, ba nasa ba ne.

Wajen ɗaurawa, tsawon RM850x milimita 160 ne, sai ka ƙara masa wurin da wayoyi za su fito su juya. A gidan kwamfuta matsakaici babu matsala, amma wasu ƙanana kejin hadis ɗinsu yana tsaye daf da wurin, sai an matsar da shi ko an cire. A irin wannan wurin RM850e mai milimita 140 ya fi dacewa. Ƙananan gidajen da ke karɓar ƙaramin akwatin wuta nau'in SFX kuwa ba ya shiga cikinsu sam. Soka wayoyin da kake buƙata a jikin akwatin kafin ka zura shi, domin in ya shiga ƙarƙashin murfinsa hannu ba ya kaiwa. Ka juya fankar ƙasa in gidan na da ragar iska a ƙasa, kada kuma ka ajiye kwamfutar a kan kafet mai gashi da zai toshe ragar. Sukuru huɗu ne ke riƙe shi. Wayar furosesa ka fara jawowa zuwa kusurwar sama ta hagu ta madabod kafin ka ɗaura babbar na'urar sanyaya ko radiyeta a sama, in ba haka ba sai ka sake kwancewa.

Kafin duk wannan, yana da kyau a gwada akwatin shi kaɗai. A filogi mai ƙafa 24, in aka haɗa ƙafa ta 16 da ta 17 da 'yar lanƙwasasshiyar waya, akwatin zai tashi. Wayoyinsa duk baƙaƙe ne, babu koriyar nan da aka saba nema, saboda haka da zanen filogin za ka ƙirga, ba da ka ba. Fankar na iya ɗan juyawa ta tsaya, don haka mitar auna bolt ce shaidar gaskiya: bolt 12 ya kasance tsakanin 11.4 da 12.6, bolt 5 tsakanin 4.75 da 5.25. Buɗe cikin akwatin kuwa kada ma ka fara. Babbar kafasitar na riƙe kusan bolt 400, tana iya ajiye shi bayan an zare filogi, kuma buɗewar na soke garanti.

Ba kowace matsala ce laifinsa ba, kuma an sha mayar da akwatin wuta mai lafiya saboda rashin sanin wannan. Sabuwar kwamfuta mai soket ɗin furosesan AMD na AM5 takan yi 'yan mintuna allo baƙi a kunnawar farko tana daidaita RAM ɗinta nau'in DDR5, a jira. In RAM biyu ne, a yawancin madabod masu rami huɗu rami na biyu da na huɗu daga furosesa ake sa su. Wayar allo a jikin katin hoto ake soka ta, ba a madabod ba. In gem na rufe kansa ko shuɗin allo na fitowa, fara da kashe XMP ko EXPO, wato saitin ƙara wa RAM gudu, sannan ka duba manhajar direban kati. Alamar da ke nuna akwatin wuta ita ce kwamfuta ta mutu ɗif a tsakiyar gem mai nauyi, babu saƙo babu komai, wani lokaci ma ta ƙi tashi sai an kashe makunnin baya an sake kunnawa. Windows zai rubuta Kernel-Power 41, amma wannan cewa kawai yake yi wuta ta yanke ba shiri, bai faɗi dalili ba. Ko a nan ɗin, fara duba zaman filogai da zafin furosesa. Ɗan siririn kukan nan da ake ji in gem na gudu da sauri sosai, sau da yawa daga katin hoto yake fitowa, kuma ba alamar lalacewa ba ce.

Mai sa UPS ya lura da abu biyu. RM850x na da da'irar gyaran shigar wuta mai aiki da kanta, kuma irin waɗannan sun fi jituwa da UPS mai fitar da tsarkakakkiyar igiyar wuta irin ta bango. Mai araha da ke kwaikwayonta da matakala yana iya sa akwatin ya yi ƙara ko ya mutu daidai lokacin da aka sauya zuwa batir. Sannan adadin VA da ke rubuce a UPS ba wat ba ne. Da yawa masu VA 1000 wat 600 kawai suke bayarwa, kuma kwamfutar da ke cin 590 a ciki tana jan kusan 650 daga bango, ban da allo. ATX 3.1 ta kuma sassauta lokacin da akwati zai riƙe wuta bayan ta yanke, daga milisakan 17 zuwa 12 a cikakken kaya, don haka saurin sauyawar UPS ɗin ma abin dubawa ne.

Abin da RM850x ba shi da shi: ba ya haɗuwa da iCUE, manhajar Corsair ta lura da kayanta, saboda haka ba za ka ga abin da kwamfutar ke ja a allo ba. Mai son wannan sai ya hau zuwa jerin HXi na Corsair, ya ƙara kuɗi. Tsakaninsa da RM850e kuma, ƙarin da ake biya na babbar fanka ne mai shiru, da kafasitoci mafi inganci, da ƙarin shekara uku na garanti. Ga kwamfutar da ke cin wat 400 zuwa 450, wannan ƙarin ba dole ba ne. Ga mai RTX 5080 ko RX 7900 XTX da zai riƙa ɗora masa kusan 600 na sa'o'i a jere, RM850x na 2024 ne zaɓin, kuma ya ajiye rasiɗin saye da jakar rarar wayoyin wuri ɗaya, a rubuta sunan akwatin a jikin jakar don kada wata rana su cakuɗe da na wani.